Na ji ƙishirwa a kan rijiyar mutanen Lamu

Shekarata goma sha tara ina aikin rijiya. Da riƙe wa masu haƙar hannu igiya na fara, a ƙauyukan da ke tsakanin Nguru da Yusufari, daga baya Allah ya sa na ɗan yi karatu na koma bin motar haƙa burtsatse. Saboda haka in ana zancen rairayi ba na buƙatar tafinta. Na ga gonar geron kawuna da tudun rairayi ya shanye cikin 'yan shekaru, yau ko kututture ba ka gani a wurin. Na ga rijiyar da muka sha wahalar ɗaure ta da kankare, muka dawo bayan hunturu muka tarar iska ta kusa binne bakinta. A wajenmu rairayi abu ne da kake sharewa daga tsakar gida da safe, ka tono tayar mota daga cikinsa da rana, ka tauna shi a tuwo da dare.

Na kawo wannan ne don ku san irin mutumin da ya cire kuɗi daga aljihunsa ya je kallon rairayi a ƙasar wasu.

An tura ni wani kwas na kwana goma a Nairobi, kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aka gama ranar Alhamis, tikitin dawowata kuwa sai Talata. Wani ɗan Kenya da muke zama benci ɗaya, mutumin bakin teku, ya ce in dai da gaske ni mai rijiya ne, kada in bar ƙasarsu ban taka tsibirin Lamu ba. Da na kira gida na faɗa, uwargida ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, ba can ne ake cewa 'yan Al-Shabab suna tare hanya ba?" Ba ƙarya ta yi ba. Yankin yana kusa da iyakar Somaliya, kuma a 2014 an yi mummunan kisa a Mpeketoni, garin da ke tsallaken ruwa. Na ce mata ai ta sama zan bi, kuma wanda ya yi shekaru yana wuce shingen sojoji a hanyar Damaturu ba a koya masa zaman ɗar-ɗar. Ta ce Allah ya tsare, da irin muryar nan da ke nuna maganar ba ta ƙare ba.

Ƙaramin jirgi ne, daga filin Wilson na Nairobi. Ba a Lamu yake sauka ba, a tsibirin Manda da ke fuskantarsa yake ajiye ka, ka ja jakarka zuwa bakin ruwa, kwale-kwale mai inji ya tsallaka da kai cikin 'yan mintoci.

Shi kansa garin Lamu ba zan daɗe a kansa ba. Ya haura shekara 700 mutane suna zaune a cikinsa ba yankewa, kuma tun 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa sun fi na cikin birnin Kano ƙunci, mota ba ta shiga, jaki ne motar kowa: shi ke ɗaukar siminti, shi ke ɗaukar buhun shinkafa, shi ke ɗaukar yaro zuwa makaranta. Har asibitin jakuna gare su a bakin ruwa tun 1987. Na tsaya a ƙofarsa na daɗe ina tuna jakunan kasuwar Gashuwa da gyambon da ke bayansu. Gidaje da dutsen murjani aka gina su, aka yi rufi da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda suke kira mikoko, shi ne azararsu. Kusan kowa Musulmi ne, suna da masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, inda ake babban Maulidi duk shekara. Kunnena kuma ya yi ta tsintar kalmomi a cikin Suwahilinsu kamar mai tsintar gero a masussuka: habari, asubuhi, Alhamisi, hatari, marahaba. Larabci ne ya bi ta ruwa ya same su, mu kuma ya biyo raƙumi ya same mu.

Abin da ya fara nuna mini cewa baƙo makaho ne ko da idonsa, a masauki ya faru. Na duba inda rana take, na shimfiɗa darduma gabas zan yi la'asar. Yaron da ke shara ya zo ya kama gefen dardumar ya juya ta, bai ce uffan ba. A Hausa gabas da alƙibla abu ɗaya ne, in an ce mutum yana kallon gabas an gama magana. A Lamu kuwa Makka tana arewa sak. Na yi sallar, amma jikina sai da ya kwana biyu yana gardama.

Washegari na koma Shela, ƙauyen da ke kudu da garin, tafiyar kamar minti arba'in a ƙafa ta bakin ruwa. Shela ta ba ni mamaki, ba ta hanyar da na so ba. Fes take, farar ƙal, furanni suna leƙowa ta kan katanga, amma da yawa daga manyan gidajen na Turawa ne da masu kuɗin Nairobi, a rufe suke sai lokacin hutu. Hasumiyar masallacin Juma'arsu, wadda aka gina a 1829, tana tsaye a tsakiya kamar dattijon da 'ya'yansa suka sayar da gidajen da ke kewaye da shi. A nan na haɗu da wani tsoho mai jirgin katako, irin wanda iska ke turawa da babban ƙyalle mai kusurwa uku. Ɗansa ne ya saba hulɗa da baƙi, ya yi tafiya Mombasa, shi kuwa tsohon Turancinsa bai fi cikin cokali ba. Ina ce masa Mzee, yadda suke girmama dattijo, shi kuma ya laƙaba mini suna Najeriya. Shi ya kai ni Takwa.

Takwa kufai ne a tsibirin Manda. Ba a shiga sai teku ya cika, ta wata siririyar hanya a cikin dajin mikoko, har rassan suna shafar kafaɗarka. Gari ne da ya yi tashe daga ƙarni na 15 zuwa na 17, da ganuwarsa, da masallacinsa mai dogon ginshiƙi a kan bangon alƙibla. Yanzu kuka ce ta gaje shi, irin kukarmu ta miya, manya-manya, saiwoyinsu sun ratsa ɗakunan mutane. Ba wuta ce ta cinye garin ba, ba annoba ba. Sun yi ta rigima da mutanen Pate, wani tsibiri da ke maƙwabtaka da su, wannan gaskiya ne, amma babban abin da ya tashe su shi ne rijiyoyinsu sun koma zartsi. Suka kwashe suka tsallaka ruwa suka zauna a Shela, inda ruwan daɗi yake. Har yau jikokinsu kan koma wani kabari da ke wurin su roƙi Allah ruwan sama. Na leƙa tsohuwar rijiyar da ke kusa da masallacin. Masu yawon buɗe ido biyu da muka tarar suna ta ɗaukar hoton bangon, ni kuwa rijiyar na kasa bari, don na san yadda ake ji ranar da aka ja guga aka kurɓa aka tofar, aka dubi juna.

A hanyar dawowa muka yi shiri da Mzee. Daga Shela akwai bakin teku mai tsawon kusan kilomita 12, ya miƙe yamma har ƙarshen tsibirin, wurin da ake kira Kizingo. Na ce gobe da ƙafa zan bi shi tun daga farko har ƙarshe, shi kuma ya zagayo da jirgi ya ɗauke ni a can. Na nuna agogona, na tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ɗaga yatsu huɗu ya ce, "Saa nne." Na ce a raina ƙarfe huɗu ya ɗan yi nisa, amma ba laifi, wuni guda ke nan gare ni, ba mai kora ta. Muka yi musabaha.

Bayan sallar asuba na fita, da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, da dabino, da wani abu kamar fanke da suke kira mahamri. Watan Fabrairu ne, lokacin iskar da suke kira kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, wadda shekaru aru-aru take kawo jiragen Larabawa da Indiyawa gaɓar nan, su jira ta juya ta zama kusi ta mayar da su gida. Na wuce gidajen ƙarshe, na wuce wani katafaren gini mai kama da ganuwa da wani ya dasa a bakin rairayin, na sha kwana. Shi ke nan. Gari ya ɓace kamar an ja labule.

Teku a hagu, tuddan rairayi a dama, tsakaninsu fili shimfiɗe wanda ruwa ya janye ya bari, mai tauri kamar daɓe. Ba rumfa, ba kujera, ba turken lantarki, ba mai tallan komai. Ba ko inuwa. Na juya baya, sawuna kaɗai ne, sai na wasu jakuna da suka riga ni wucewa. Na taɓa zuwa bakin teku a Legas, inda kafin ka ga ruwa sai ka biya kuɗin shiga, ka biya na kujera, mai doki ya bi ka, kiɗa ya cika maka kunne. Nan ƙarar da ke akwai biyu ce: raƙuman ruwa in sun faɗo, da wani sautin shiii da suke yi in suna komawa. Bayan awa guda ma ka daina jin su, sai ka ji numfashinka.

Rairayin ba irin namu ba ne. Na Tulo-Tulo da ke wajen Yusufari ja-ja ne, yana da zafi a ido. Wannan fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, in ka murza shi a tafin hannu ka ga ɓarɓashin bawon katantanwa a ciki. Ƙananan ƙaguwoyi masu launin rairayin suna gudu a karkace, ba ka ganin su sai sun motsa, kafin ka ɗaga ƙafa sun faɗa rami. Kowace ta tara ƙasar da ta tono a bakin raminta. Na durƙusa na duba aikin wata, na ce wannan da za ta zo Yobe da na ɗauke ta aiki, don ba ta bar bango ya rufta ba.

Sai in faɗi gaskiya a kan tunanin da ya fara zo mini, ko da ba zai ƙara mini daraja ba. Ban ce Subhanallah da farko ba. Cewa na yi, wannan fili haka a banza? Na tsinci kaina ina yanka shi fuloti-fuloti a kai, hamsin bisa ɗari, ina lissafin nawa zai yi a kilomita guda. Haka aka raine mu. Fili in ba gini a kai, ba shuka a kai, to ko dai mai shi ya mutu ko magada suna kotu. Sai da na hau tudu na farko kaina ya dawo daidai.

Hawan da wuya, taku uku gaba ɗaya baya, irin wanda na sani tun ina yaro. Daga sama kana ganin abu biyu a lokaci guda. Kudu, tekun Indiya har inda ido ya ƙare. Arewa, bayan tuddan, kore shar: kwakwa, mangwaro, da goruba. Goruba fa, da rassanta masu rabuwa biyu-biyu, 'yar'uwar tamu ce, su mkoma suke ce mata. Duk mai aikin rijiya a ƙasarmu ya san abin da goruba take faɗa in ta taru a gindin tudun rairayi. Haka kwarurukan Yusufari suke, inda dabino da goruba ke tsaye cikin hamada, ka haƙa gaba biyu ka tarar da ruwa. Abin da abokina na Nairobi ya turo ni in gani ke nan.

Tsibirin Lamu ba shi da kogi ko ɗaya, kuma gishiri ya kewaye shi ta ko'ina. Amma suna samun ruwan sama wajen ninki biyu na abin da Nguru ke samu, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Yuni. In ya sauka a kan tuddan nan ba ya gudu, rairayi ne ke shanye shi nan take, ya tace shi, ya sauke shi ƙasa. A can ƙasa ruwan teku ya riga ya ratso, to amma ruwan daɗi ya fi shi sauƙin nauyi, da kamar giram 25 a kowace lita, don haka sai ya zauna a kansa ba su gauraya ba. Kwatanta ƙwarya cike da ruwa da aka tsoma a tafki: bakinta kaɗan ne a sama, cikinta duka yana ƙasa. Lissafin da ake koya mana shi ne, duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara saman teku, akwai kamar mita 40 nasa a ƙarƙashi. Daɗin ji ke nan. Ɗacinsa kuma, in ka matsa da injin famfo har ka sauke saman ruwan da mita ɗaya ka riƙe shi a haka, gishirin da ke ƙasa hawowa zai yi da mita 40. In kuwa ya shiga rijiya, ba ranar fitarsa a rayuwar wanda ya haƙa ta.

A gindin tuddan nan, ta bayan Shela, rijiyoyin da ke shayar da garin Lamu suke, masu faɗin baki, marasa zurfin da na saba da shi, ana turo ruwansu ta bututu. Wato duk shayin da na sha a garin, da alwalar masallatansu, da ruwan da jakunan nan ke sha, daga ƙarƙashin wannan wuri da na kira fili a banza yake fitowa. Ka gina otal ɗari a kai, ka rufe rairayin da siminti, ruwan sama ya rasa ta inda zai shiga. Kowane otal ya haƙa shaddarsa, kuma ni na san abin da rairayi ke yi da ruwan shadda, ba yumɓu ba ne da zai tare shi. Kowanne ya sa nasa injin don cika wurin wankan baƙi. Shekara nawa za a yi kafin a sake yin wata Takwa? A 2002 gwamnatin Kenya ta ayyana babban yanki na tuddan a matsayin wurin da doka ta kare, kuma ba a banza aka yi ba, don masu ido da kuɗi sun daɗe suna zagaya wurin, wasu har da takardun mallaka a hannu.

Ba ina cewa talaucin wuri ado ba ne. Na ga samarin Shela zaune a bakin ruwa tun safe suna jiran baƙon da zai hau jirgi, kuma in ka tambaye su za su ce a gina, a samu aiki. Suna da hujja. An buɗe sabuwar tashar manyan jiragen ruwa a yankin a Mayun 2021, jama'a za su ƙaru, kowa da bakinsa da butarsa. Abin da na sani kawai shi ne ƙwaryar nan ba ta girma don mutane sun ƙaru. Mu ma a gida haka muke yi: kowa ya samu kuɗi ya kira mu mu huda masa tsakar gida, mu sa masa sumo, injin jan ruwa, ba mai tambayar na maƙwabci. Ni da kaina na huda ɗaruruwa, na karɓi kuɗina.

Na sauko na ci gaba. Kada in yi muku ƙaryar cewa wurin tsaf yake. A layin da ruwa ke tsayawa in ya cika, akwai shara: robobin ruwa, murafai, igiyar taru, buroshin haƙori, da silifas. Silifas ba iyaka, kowanne wari guda, wasu da rubutun da ban iya karantawa ba, teku ya kwaso su daga ƙasashen da ba su san akwai Lamu ba. Kenya ta hana leda tun 2017, amma teku ba ya bin dokar kowa. Mutanen nan sun taɓa tara irin wannan shara, wajen tan goma, suka narka suka ƙera jirgi sukutum, suka lulluɓe shi da silifas kusan 30,000, suka sa masa suna Flipflopi, a farkon 2019 ya yi tafiya har Zanzibar. Na tsinci wani wari shuɗi daidai ƙafata, na yi ta duba ɗan'uwansa har na gaji.

A wannan gaɓar, can kusa da Shela, aka yi wani yaƙi wajajen 1812. Mayaƙan Pate da na Mazrui, masu mulkin Mombasa a lokacin, suka zo da jirage don su ci Lamu. Aka gwabza, suka ga ba dama, suka juyo za su shiga jiragensu, ashe teku ya janye ya bar jiragen zaune a kan rairayi. A nan aka gama da su, har an daɗe iska tana tono ƙasusuwa. Bayan nan ne Lamu ta nemi kariyar Sarkin Oman, aka ƙarasa ginin babbar ganuwar da ke tsakiyar garin. Na karanta wannan a gidan tarihinsu, na yi mamakin yadda mutanen teku za su manta da lokacin ruwa. Da na san abin da ke jirana da ban yi musu dariya ba.

Tunda ina ganin wuni gare ni, ban yi sauri ba. Na hau tudu uku. Na naɗe wando na shiga ruwa iya gwiwa, ban wuce nan ba, ɗan Nguru ne ni. Na zauna na ci mahamri. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta miƙe tsaye, rairayi ya fara mayar da zafi ta ƙasa, iskar da nake jin daɗinta da safe ta koma kamar ta bakin tanda. Sha biyu saura gorata ta ƙare. Na san zafi, na yi aiki a watan Afrilu a Machina, amma namu busasshe ne, gumi yana bushewa ya sanyaya ka. Wannan jiƙa ka yake yi kamar an rufe ka da bargo mai ruwa. Leɓena ya yi gishiri. Ga ruwa a hagu iya ganin ido, ba ya shawuwa. Ga ruwa a dama, na san yana nan, zan iya zana maka zurfinsa a takarda, amma ba ni da ko cokalin tono. Mai rijiya shekara goma sha tara, yana tafe a kan rijiyar gari guda yana haɗiyar yawu.

Da azahar ta yi na yi alwala da ruwan teku. Tun muna zaure aka karantar da mu hadisin da ke cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, muna haddacewa ba wanda ya taɓa ganin tekun a cikinmu har malamin. Ranar na yi aiki da shi. Kurkurar baki ce ta fi wuya. Sannan na juya wa teku baya, na fuskanci tudun rairayi, don nan ne arewa.

Ƙarfe ɗaya da rabi na isa ƙarshen tsibirin. Ba jirgi, ban kuma sa ran gani ba, saura awa biyu da rabi a lissafina. Wani masunci yana gyaran taru a inuwar 'yar rumfar ganyen kwakwa. Na yi masa sallama, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Najeriya?" Gabana ya faɗi. Ya miƙo mini jarka tukuna, sai da na sha na ƙoshi, sannan ya yi mini bayani da guntun Turancinsa yana dariya har da riƙe ciki. Mzee ya zo tun ƙarfe goma. Ya jira, ya hau tudu ya duba, ya jira, har ruwa ya fara gudu daga ƙarƙashin jirginsa, ya ga in ya ƙara zai kwana a nan, ya tafi.

Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Suna dab da tsakiyar duniya, rana kusan ƙarfe shida take fitowa duk shekara, don haka ƙarfe bakwai namu shi ne ɗayansu. Saa nne, huɗunsu, ƙarfe goma na safe ke nan. Ƙarfe huɗun da nake jira kuwa su goma suke ce masa. Da na zauna na yi tunani, nasu ya fi namu kan gado. Wa ya ce a fara ƙirga yini da tsakar dare, kowa yana barci? Mu ma ai daren Juma'a tun magaribar Alhamis muke fara shi.

Ruwan jarkar nan, da ɗumin rana da ɗan warin roba, na riƙe kurɓar ƙarshe a baki yadda nake yi in mun fasa sabuwar rijiya. Garai yake, ba zartsi. Na tambaye shi daga ina, ya nuna bayan tudu da haɓa.

Shi ya nuna mini hanyar Kipungani, ƙauyen da ke gaba kaɗan. A can na samu jirgin da ke ɗauke da tabarmi da ganyen rufi zuwa gari, na zauna a kan kaya, muka bi ta bayan tsibirin, muka wuce Matondoni inda ake sassaƙa jirage, ƙasusuwan wani sabo suna tsaye a bakin ruwa. Sai bayan magariba na iso Shela. Mzee yana zaune a matakalar bakin ruwa, da ya hango ni ya miƙe ya yi ta faɗa da Suwahili, hannu yana nuna teku, yana nuna ni, yana nuna sama. Wani yaro ya fassara mini: ya ɗauka wanka na shiga ruwa ya ja ni, tun la'asar yake tunanin abin da zai gaya wa 'yan sanda. Na ba shi haƙuri, na biya shi kuɗinsa cif, don ya cika alkawari, ni ne ban zo ba. Ya kama hannuna ya lanƙwasa mini yatsu huɗu, ya buɗe goma, ya sake lanƙwasawa, kamar mai koya wa ɗan fari ƙirga.

Gorar da ta ƙare ban yar da ita ba, na cika ta da rairayin wurin na zo da ita gida. Da na je gaida Inna na ajiye mata tsarabarta, atamfa irin tasu da kayan ƙamshi, sannan na fito da gorar ina ba ta labari. Ta karɓa, ta jijjiga, ta zuba kaɗan a hannu.

"Yanzu kai," in ji ta, "ka hau jirgi biyu, ka tsallaka ƙasashe, ka rasa abin da za ka kawo wa mutanen Nguru sai rairayi?"

Na ce Inna wannan daban ne, ruwan gari guda yake riƙe da shi. Ta ce to. Bayan kwana biyu na koma na tarar ta juye shi a kasko tana suyar gyaɗa da shi. Ta ce ya cika laushi, yana maƙalewa a bawo, yashin kogi ya fi shi, amma gyaɗar ta ɗan yi gishiri-gishiri, jikokinta sun cinye tun da zafinta.